Gidajen Gandun Bayi Na Amurka Da Masu Sinima

Ran 15 ga watan Mayu na shekara ta 2025 gobara ta kama wani ƙasaitaccen gida a jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka, ana ce da shi Nottoway, ta cinye shi ƙurmus. Bene ne mai ɗaki 64, an gama gininsa a 1859, kuma cikin gidajen masu gandun bayi da suka saura a kudancin ƙasar babu wanda ya kai shi girma. Mai shi na farko, John Hampden Randolph, yana da bayi 155 a gonar rakensa. Da labari ya bazu sai mutanen ƙasar suka rabu biyu. Waɗansu suka yi juyayi, suna cewa an yi hasarar kayan tarihi da masauki mai kyau, gama a ƙarshen zamaninsa gidan ya zama masaukin baƙi da wurin bikin aure. Waɗansu kuwa, da yawansu jikokin bayi, ba su ɓoye farin cikinsu ba. Wanda ya ji abin daga nesa zai ce, ina ruwan mai rai da katakon da aka kafa shekara 166 kafin gobarar? To, babban abin da ya hana irin waɗannan gidaje mutuwa a zukatan mutane shi ne sinima. Ita ta kai fuskarsu ko'ina cikin duniya, har wanda bai taɓa ƙetare teku ba ya san su a majigi ko a wayar hannunsa, ko da bai san sunansu ba.

Ya kamata a fara bayyana wa mai karatu wurin da a ke magana a kansa. Kogin Misisifi, kafin ya faɗa teku, yana ratsa ƙasa mai laka mai albarka tsakanin birnin Baton Rouge da birnin Niyu Oliyans. A gefe da gefen kogin nan Faransawa da Jamusawa suka yanki gonaki tun ƙarni na 18, kowace gona siririya doguwa, kanta a bakin ruwa, wutsiyarta cikin fadama. Da fari baba su ke shukawa, na rini. A 1795 wani mai gandu, Etienne de Bore, ya ci nasarar dafa ruwan rake har ya zama sukari mai tsaba, daga nan aka bar baba aka koma rake. Wanda ya taɓa ganin yadda a ke yin mazarƙwaila ya san rake ba ya jira, in an sare shi sai a matse a dafa kafin ya yi tsami. Saboda haka daga watan Oktoba har ƙarshen shekara matsa ba ta tsayawa dare da rana, wuta ba ta mutuwa a ƙarƙashin manyan tukwanen ƙarfe. A lardunan rake mutuwa ta fi haihuwa yawa cikin bayi, sai an riƙa sayo waɗansu daga kasuwar Niyu Oliyans ana cike gurbi, ita ce kuwa babbar kasuwar bayi ta ƙasar duka. Lokacin ƙidayar 1860 bayin Amurka sun kusa miliyan 4, fiye da 331,000 daga cikinsu a Luwiziyana. Ba a kashe bauta ba sai 1865, bayan yaƙin basasa na shekara 4.

Tsarin gandu kusan ɗaya ne ko'ina. Gidan ubangiji a gaba yana fuskantar kogi, fari fat, da baranda sama da ƙasa, da manyan ginshiƙai, don matafiyi a jirgin ruwa ya hango ya san akwai mai arziki a nan. A bayansa madafa da rumbuna da gidan sarkin gandu, sa'an nan rinji, watau jerin ɗakunan katako na bayi, can ƙurya kuma wurin dafa sukari. Iyali ɗaya a gaba, mutum ɗari ko fiye a baya. Tun ran da aka aza harsashi an yi gidan ne don a gani, rinji kuwa aka ajiye shi inda ido ba ya kaiwa. Masu sinima da suka zo sun tarar da wannan tsari, ba su sauya shi ba, suka kafa na'urar ɗaukar hotonsu daidai inda matafiyin nan ya ke hangowa.

Abin mamaki, gidan gandun da ya fi kowane suna a duniya ba a taɓa gina shi ba. Shi ne Tara, na cikin wasan da a ke kira Gone with the Wind, wanda aka fitar a 1939 daga littafin Margaret Mitchell na 1936. Abin da miliyoyin mutane suka gani fuska ce kawai, aka kafa ta a filin kamfani a Culver City ta jihar Kalifoniya, kusan mil 2,000 daga Jojiya inda labarin ya faru, ta gaba gida, ta baya ba kome. A cikin littafin ma gidan ba wani kyakkyawa ba ne, gini ne na tubali da aka shafa wa farar ƙasa, masu sinima ne suka ƙawata shi. A 1959 aka kwance fuskar aka kai ta Jojiya don a nuna wa masu yawon buɗe ido, shirin bai yiwu ba, ta ƙare a jibge cikin rumbun wata gona. Amma siffar ta riga ta zauna a zukata, farin gida, 'yan mata da manyan riguna a baranda, da bayi masu biyayya waɗanda ba su da wata damuwa sai ta iyayengijinsu. Ran da aka fara nuna wasan a birnin Atlanta, cikin Disamba 1939, baƙaƙen 'yan wasan ba su halarta ba saboda wariyar launin fata. Hattie McDaniel, wadda ta fito a baiwa mai reno, ta ci kyautar Oska a 1940, ita ce baƙar fata ta farko da ta ci, amma a wurin bikin an zaunar da ita a wani tebur dabam can gefe.

Daga nan aka shiga auna gidajen gaske da ma'aunin gidan ƙarya. Ga Boone Hall, kusa da birnin Charleston a jihar Karolina ta Kudu. Gandun tsoho ne, tun 1681 aka kafa shi, jerin itatuwan da ke kai mutum ƙofa an fara dasa su a 1743. Amma benen da ke ƙarshen jerin ba tsoho ba ne. Wani ma'aikacin jakadancin Kanada, Thomas Stone, ya rushe gidan katakon da ya tarar ya gina wannan a 1936, shekara 71 bayan an 'yanta bayi. Shi ne gidan da aka gani a North and South a 1985, shi ne kuma gidan iyayen yarinya a wasan soyayyar nan The Notebook na 2004. Abin da ke tsoho na haƙiƙa a wurin ɗakuna ne 9 na jan tubali a gefen hanya inda bayi suka zauna, tubalin ma su suka ƙona shi. Wasan soyayyar bai kula da su ba. A 2012 waɗansu mashahuran 'yan wasa biyu, Ryan Reynolds da Blake Lively, suka yi bikin aurensu a nan. A 2020 angon ya fito fili ya nemi gafara, ya ce hoton wurin biki suka gani ya ba su sha'awa, sai daga baya suka gane abin da aka gina wurin a kai. Maganarsa abin gaskatawa ce, ita ce kuma ta nuna girman ɓarnar. Mutum mai hankali ya tsaya taku kaɗan daga rinji bai gan shi ba, domin shekara saba'in ana koya wa idon mutane inda za su duba.

A bakin Misisifi gidan da fuskarsa ta fi sanuwa shi ne Oak Alley, kusa da ƙauyen Vacherie. An gina wa Jacques Roman shi daga 1837 zuwa 1839, da ginshiƙai 28 kewaye da shi, a gabansa kuma itatuwa 28 na irin da Turawa ke kira ok, jeri biyu, rassansu sun haɗe a sama kamar na tsofaffin gamji, sun yi rumfa tun daga ƙofa har jingar kogi. Kyau kam akwai shi, ba mai musu. A nan aka ɗauki Interview with the Vampire na 1994, labarin mayu masu shan jinin mutane, Brad Pitt ya fito a mai gandun da ya zama maye. Almara masu wasan su ke nufi, amma cikin abin da aka ɗauka a gidan da wuya a sami wanda ya fi wannan kusa da gaskiya. A cikin bayin Roman, su fiye da 100, akwai wani mai lambu, Antoine. A hunturun 1846 ya yi wa itacen fikan aure kamar yadda a ke yi wa mangwaro, aikin da ba kowa ya iya ba a zamanin. Fikan ɗan itace ne mai ɓawo, ƙwayarsa mai maiƙo, irin da Antoine ya fitar kuwa ya ci lambar yabo a babban nunin Filadalfiya a 1876. Ɗakunan da shi da 'yan'uwansa suka kwana sun ɓace tun da daɗewa, waɗanda baƙo ke gani a wurin kwaikwayo ne, masu riƙon gidan suka gina su bayan shekara ta 2010.

A 2002 jihar Luwiziyana ta yi dokar rangwamen haraji ga kamfanin da ya zo ya ɗauki sinima a ƙasarta, har akwai lokacin da rangwamen ya kai kashi 30 cikin 100 na abin da aka kashe. Kamfanonin Holiwud suka yi ca, a 2013 manyan wasannin da aka ɗauka a Luwiziyana suka fi na Kalifoniya yawa. Gidajen bakin kogi suna nan a shirye, ba sai an kafa fuskar katako ba.

Kada a ce duk wasannin rufa-rufa su ke yi. A 2013 Steve McQueen, baƙar fata ɗan Ingila, ya fitar da 12 Years a Slave, watau shekara goma sha biyu cikin bauta, daga littafin da Solomon Northup ya wallafa a 1853. Northup ɗa ne, mutumin jihar Niyu Yok, mai goge, mai mata da 'ya'ya. A 1841 waɗansu mayaudara suka ja shi Washinton da sunan aikin kiɗa, suka sayar da shi, aka kai shi Luwiziyana, ya shekara 10 a hannun wani manomin auduga, Edwin Epps, bai kuɓuta ba sai Janairu 1853. Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa mutanen Nijeriya ne, shi ya fito a Northup. Wasan bai rufa wa kowa asiri ba, an nuna bulala, an nuna uwa ana raba ta da 'ya'yanta a kasuwa, ya kuwa ci babbar kyautar Oska a 2014. A gandaye huɗu aka ɗauke shi, Felicity da Bocage da Destrehan da Magnolia.

Amma ga wani abu da ya kamata a tsaya a kansa. Gidan da aka nuna a matsayin na Epps shi ne Felicity, bene mai ginshiƙai wanda wani hamshaƙin mai rake, Valcour Aime, ya gina wa 'yarsa kyautar aure wajen 1846. Gidan Epps na gaskiya kuwa bai ɓace ba, kuma bai yi kama da wannan ba ko kaɗan. Ƙaramin gida ne na katako irin na manomi mai matsakaicin hali, gama bayin Epps ba su wuce 10 ba. Northup da kansa yana cikin waɗanda suka gina shi a 1852, a wurin aikin ne ma ya shaƙu da wani kafinta ɗan Kanada, Samuel Bass, wanda ya aika masa wasiƙun da suka zama sanadin kuɓutarsa. An ɗauke gidan daga mazauninsa a 1976, aka kuma ɗauke shi a 1999 aka kai shi harabar jami'ar jihar da ke garin Alexandria. Watau ko mai son faɗin gaskiya, da ya zo zaɓen gida, sai ya zaɓi wanda idon 'yan kallo ya saba da shi. Illar wannan ba ƙarama ba ce. Mai kallo zai ɗauka bauta sha'anin waɗansu 'yan attajirai ne masu benaye, alhali kuwa mafi yawan masu bayi a Amurka ba su mallaki 20 ba, da yawa ma ɗaya ne ko biyu, ƙaramin manomi, ko mai kanti, ko gwauruwa mai neman abin dogaro. Muguntar da Northup ya ba da labari a tsakar ƙaramin gida aka yi ta, inda ubangiji ya san sunan kowa, yana jin kukan kowa daga ɗakinsa. Wannan ya fi ban tsoro, shi ne kuwa ginshiƙai suka tare.

Destrehan, ɗaya daga cikin huɗun nan, yana da nasa labarin. Daren 8 ga Janairu 1811 bayin gandun Manuel Andry, da ke sama da shi a bakin kogi, suka tashi, shugabansu Charles Deslondes, suka kama hanyar Niyu Oliyans da addunan saran rake da ganguna, gandu bayan gandu ana shiga cikinsu har suka kai ɗaruruwa. Cikin kwana biyu sojoji da masu gandu suka murƙushe su. A Destrehan aka zauna shari'a, masu gandu su ne alƙalai, aka yanke wa mutum 18 hukuncin kisa, aka tsire kawunansu a kan sanduna bisa jinga don masu wucewa su gani. Turawa 2 suka mutu a tawayen, baƙaƙe kusan 100. Masu sinima sun shiga gidan nan sun fita, sun ɗauki mayu a zaurukansa, sun mai da bargar alfadarinsa rumbun Epps, amma Holiwud ba ta yi babban wasa a kan abin da ya faru a gidan kansa ba.

Gida ɗaya kuma yana iya ba da shaida iri biyu, gwargwadon wanda ya riƙe na'ura. A Madewood, kusa da Napoleonville, mawaƙiya Beyonce ta ɗauki wani sashe na Lemonade na 2016, ta cika zaurukansa da mata baƙaƙe cikin ado, suna zaune inda kakanninsu ba su da ikon zama. Bayan shekara ɗaya Sofia Coppola ta fitar da The Beguiled, an ɗauke shi a gidan nan dai, labarin 'yan matan wata makaranta a zamanin yaƙin basasa. A littafin da aka samo labarin akwai baiwa, a wasan farko da aka yi a 1971 akwai ta, amma a na 2017 an cire ta, da jumla guda aka sallami mai kallo, wai bayi sun riga sun tafi. Mai wasan ta kare kanta da cewa ba ta so ta taɓa babban al'amari sama-sama. Uzuri ne, amma wanda ba ya son taɓa maganar bauta ba a tilasta masa hayar gidan da bayi suka gina ba.

Masu riƙon gidajen suna da hujjarsu, ya kamata a saurare ta da adalci. Luwiziyana ƙasar danshi ce da gara da guguwa, gida in an bar shi shekara goma ba gyara sai ya zama kango. Da yawa na bakin kogi sun faɗi, waɗansu wuta ta ci, waɗansu kamfanonin mai suka saye filin suka kafa masana'antu. Destrehan kansa ya yi shekaru a yashe a hannun kamfanin mai, ɓarayi suna kwasar kayansa, kafin wata ƙungiyar mutanen wurin ta karɓe shi a 1971. Kuɗin hayar sinima, da na baƙin da sinima ke jawowa, da shi a ke toshe yoyo, in an hana gidajen za su rushe, shaidar ma ta tafi gaba ɗaya. Wannan gaskiya ne. Shi ya sa masu murna da gobarar Nottoway, ko da ya ke an san abin da ke cin zuciyarsu, ba su yi dogon nazari ba, gama abin da ya ƙone har da aikin hannun kakanninsu.

Amma a duba abin da kuɗin ya tsare. Gidan gaba ya tsare. Rinji ba mai hayarsa don biki ko wasan soyayya, saboda haka aka bar shi ya ruɓe, ko aka ture shi don a faɗaɗa gona. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wurin da rinji ya tsira kusan cikakke shi ne Evergreen, kusa da Edgard, ɗakuna 22 a jeri biyu a inda aka kafa su tun asali, cikin gine-gine 37 na tarihi. Sun tsira ne domin baƙaƙen ma'aikatan rake sun ci gaba da zama cikinsu har 1947. A nan Quentin Tarantino ya ɗauki Django Unchained na 2012, labarin bawan da ya ɗauki fansa da bindiga. Wasan nishaɗi ne, jini ya yi yawa, raha ta yi yawa, amma dai ɗakunan sun shiga hoto.

Maƙwabcin Evergreen, gandun Whitney, ya nuna akwai wata hanya. Wani lauya na Niyu Oliyans, John Cummings, ya saye shi, ya kashe fiye da dala miliyan 8 daga aljihunsa, ya buɗe shi cikin Disamba 2014 a matsayin gidan tarihin bauta, da taimakon wani malamin tarihi ɗan Senegal, Ibrahima Seck. Aka juya tsarin, aka sa gidan ubangiji a ƙarshen zagaye, sai baƙo ya bi ta rinji da tukwanen dafa rake da filin tunawa da yara 2,200 da suka mutu cikin bauta a wannan gunduma kaɗai. Baƙi kuwa ba su guje shi ba. Akwai allunan dutse na tunawa da mutum 107,000, waɗanda Gwendolyn Midlo Hall ta shekara da shekaru tana tsamowa daga takardun ciniki da na gado na Luwiziyana. Marubutan Faransawa da Sifaniyawa kan rubuta ƙabilar bawa tare da sunansa, cikin ƙabilun kuwa akwai Kwango da Bambara da Wolof da Ibo da Yarbawa da Filani da Hausawa. Ashe ba labarin waɗansu bare can ba ne. Cikin waɗanda aka kai gandayen Amurka akwai ma'abota alƙalami, kamar Abdurrahman ɗan Ibrahim Sori na Futa Jalon, wanda ya shekara 40 a wani gandu kusa da Natchez a jihar Misisifi kafin a sake shi a 1828, da Umaru ɗan Sa'idu na Futa Toro, wanda ya rubuta tarihin kansa da Larabci a 1831 yana cikin bauta a Karolina ta Arewa. Irin waɗannan ba kasafai su ke shiga hoto ba, domin abin da mai wasa ke bukata ga bawa shi ne ya ɗauki tire ya wuce ta bayan kujera.

Mai karatu na ƙasar Hausa kada ya ɗaga kafaɗa. Kalmomin gandu da rinji da sarkin gandu ba aro aka yi ba don fassara al'adar Turawa, na gida ne, wurare kuma irin su Gandun Albasa da Fanisau a Kano suna tuna wa wanda ya ke so ya tuna. Ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Nijeriya ta Arewa ba sai 1936, shekarar da aka gina benen Boone Hall. Bautar can da ta nan sun bambanta ta fuskoki da yawa, wannan maganar wata rana ce, amma ɗabi'ar nuna soro a manta da wanda ya kwaɓa ƙasa ba ta Amurka kaɗai ba ce.

To, mene ne daidai? Haya a kanta ba laifi ba ce, laifin yana ga ɓoye shaida. Gidan gandu shaida ne a kan abin da aka aikata, wanda ya gaje shi ko ya saya ya gaji wannan amana tare da ginshiƙan. Abin da ya kamata shi ne a keɓe wani kaso daga kuɗin hayar sinima don gyaran rinji inda ya saura, da nemo maƙabartun bayi waɗanda da yawansu suna kwance ba alama cikin gonakin rake, a kuma sa jikokin bayin cikin majalisar masu riƙon gidajen, su zama masu faɗa a ji, ba masu raye-raye ga baƙi kawai ba. Jihar da ke yafe haraji don a zo a ɗauki hoto tana da ikon gindaya wannan sharaɗi, gama mai ba da kuɗi shi ke da magana. Akwai kuma wani abu da ba ya cin ko kwabo. A ƙarshen kowane wasa a kan jera sunaye na tsawon mintoci, har da mai dafa wa 'yan wasa abinci da direban mota da mai kula da doki, a kan kuma gode wa masu gidan da suka ba da haya. Layi biyu ba za su gagara ba, a faɗi cewa gidan nan bayi suka gina shi, a ambaci waɗanda aka sani.

Kada kuma a ce ba a san sunayen ba. Da ya ke doka ta ɗauki bawa dukiya, an rubuta shi kamar yadda a ke rubuta dukiya, takardun kuwa suna nan a ɗakunan ajiya na kotuna. Yarjejeniyar ginin Destrehan ta 1787 ta ambaci magininsa, Charles Paquet, ɗan ruwa biyu, ta kuma faɗi ladansa, bawa ɗaya, da saniya da ɗan maraƙinta, da shinkafa da masara, da kuɗin azurfa 100. Sa'ad da Jacques Roman ya mutu a 1848 aka ƙididdige dukiyarsa ta Oak Alley don rabon gado, aka rubuta Antoine, mai shekara 38, mai lambu, gwanin yi wa itace aure, aka yi masa kuɗi dala 1,000.